Waiwaye: Yadda kacici-kacici ya mamaye koyon wasan ces

Duk inda 'yan wasan ces (chess) suka haɗu a Katsina, ko a harabar jami'a ko a majalisar bayan la'asar, gardamar ɗaya ce. Wasu na cewa mai koyo ya duƙufa kan warware kacici-kacicin dabarun kamu a waya, wato a nuna masa allon wasa ya nemo motsin da zai ci, sauran duk ɓata lokaci ne. Wasu na cewa wannan ne ya sa samarinmu ke ganin tarko amma ba su iya shirya wasa ba. Masu gardamar na ɗauka jiya ta fara.

Ta daɗe. Tun zamanin Abbasiyawa a Bagadaza, gwanayen shaɗaranji, wasan da ces ya samo asali daga gare shi, irin su al-Adli da as-Suli sun tara matsalolin warwarewa da ake kira mansubat. Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886, ya koyar da cewa hari ba ya cin nasara sai an tara ƙananan rinjaye tukuna. Capablanca kuma, wanda shi ma ya yi zakaran duniya, ya ba da shawarar a fara koyo daga ƙarshen wasa. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke Kasparov, zakaran duniya na lokacin. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a shekarun 2000, lokacin da shafukan intanet suka fara ba wa kacici-kacici maki. A da, matsalar tana cikin littafi, amsar tana shafin baya, ka warware ko ka kasa, babu mai ƙidaya maka. Da kwamfuta ta fara tsamo matsaloli dubbai daga wasannin da aka buga, tana auna wahalar kowace, tana ƙara wa mai warwarewa maki ko ta rage, sai aka samu ɓangare ɗaya na koyo da ake iya gani a lamba nan take. Wanda ya zauna awa guda yana nazarin yadda sarki da soja ɗaya ke cin sarki shi kaɗai ba shi da abin nuna wa abokai. Wanda ya warware matsala talatin yana da hoton makinsa. Mutum kuwa inda ya ga sakamako, can yake komawa.

Sannan kowace matsala tana zuwa da alkawarin cewa akwai kamu a ciki. Yaro ya san aikinsa shi ne ya nemo inda doki zai kai wa sarki da sarauniya hari lokaci guda. A wasan gaske babu mai raɗa masa haka. Na ga ɗalibi mai makin kacici-kacici abin sha'awa, an kai motsi na goma sha biyu, babu abin ci a kan allo, sai ya kama tura sojojin da ke gaban sarkinsa don bai san me zai yi ba.

A wurinmu abin ya fi tsanani, domin da yawa a waya suka fara sanin ces, musamman bayan zaman gida na 2020. Ba su tarar da ƙungiya ko littattafai ba. Mai koyon dara a gindin bishiya yana da 'yan kallo da za su ce masa, “Malam, tun can baya ka zubar da wasan.” Mai ces a waya da an cinye shi sai ya danna sabon wasa, kuskuren ya bi ruwa.

Ni ban yarda a yi watsi da dabarun kamu ba. Yawancin wasannin masu koyo a kan sakaci suke ƙarewa, an bar doki ba tsaro, an ɗauke. Amma minti ashirin na kacici-kacici a rana ya isa. Ragowar lokacin a buga wasa mai tsawo, a rubuta motsin a takarda, a zauna da abokin karawa a bi shi daga farko kafin a tambayi kwamfuta, sannan a koyi ƙarshen wasa na sarki da sojoji.