Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam Ba Ta Masu Kuɗi Kaɗai Ba Ce

Mutane da yawa a Abuja sun daɗe suna ɗauka cewa sai mai lauya da kuɗi ke iya kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ba haka ba ne. Shigar da ƙorafi kyauta ne a hedikwatarta da ke Maitama, kuma ba sai da lauya ba. An kafa ta a 1995, gyaran dokar 2010 kuma ya ba ta ikon gayyatar wanda ake ƙara, ta yi bincike, har ta yanke diyya. Matar da miji ya bar wa 'ya'ya babu ciyarwa, ko ɗan kasuwar da aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, duk suna da hurumin zuwa. Abin takaici, talakan da ya fi buƙatarta shi ya fi jin tsoron ƙofarta.