Gonar kyauta a ƙauyukan Amurka: abin da doka ta tanada

Jita-jitar da ke yawo a WhatsApp da Facebook cewa gwamnatin Amurka na raba gonaki kyauta ga duk wanda ya yarda ya tare a ƙauye mai nisa ta samo asali ne daga wata doka da ta daɗe da mutuwa. A shekarar 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa dokar hannu, inda ta ba wa magidanci ko wanda ya kai shekara 21, ɗan ƙasa ko mai niyyar zama ɗan ƙasa, damar mallakar eka 160 idan ya gina gida ya kuma noma filin na tsawon shekara biyar. An soke ta a 1976, sai jihar Alaska da aka ƙara wa wa'adi zuwa 1986. Bai kamata kuma a manta cewa galibin waɗannan filaye daga hannun 'yan asalin nahiyar aka ƙwace su ba.

Yau duk mai son irin wannan rayuwa sai ya sayi fili da kuɗinsa, sayen kuma ba ya ba baƙo biza ko izinin zama.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne batun ruwa. A jihar Colorado, wadda ake yawan tallata filayenta masu arha a gundumomi irin su Costilla, mallakar ƙasa ba ta nufin mallakar ruwan da ke ƙarƙashinta ko wanda ke ratsa ta, domin ƙa'idarsu ita ce wanda ya riga amfani da ruwa shi ke da haƙƙi a kansa, ko da gonarsa tana can nesa. Wanda filinsa bai kai eka 35 ba, yawanci izinin rijiyar da zai samu na amfanin cikin gida ne kawai: ya sha, ya yi girki da wanka, amma ba zai yi ban-ruwan tumatir a bayan ɗaki ko ya shayar da awaki da ita ba. Sai fili ya kai eka 35 ake barin mutum ya shayar da dabbobi ya kuma yi lambun da bai wuce eka ɗaya ba. Hatta tarar ruwan sama daga rufi, sai a 2016 aka halatta wa yawancin gidaje, shi ma ganga biyu kacal, galan 110 a haɗe.

An yi wannan doka ta ruwa ne domin kare manoman da suka riga zama a yankin da ruwa ke ƙaranci, wannan kuwa abin fahimta ne, sai dai nauyinta a kan mai ƙaramin ƙarfi yake sauka, wanda ya tara ɗan kuɗinsa ya sayi eka biyar da burin ciyar da iyalinsa daga gonarsa.

Ita ma gunduma tana da nata sharuɗɗan: izinin gini, tsarin masai da hukuma ta amince da shi, da harajin fili na shekara-shekara, wanda idan aka daɗe ba a biya ba filin na iya suɓucewa daga hannun mai shi. Kafin a biya ko sisi, a tuntuɓi ofishin tsare-tsaren gunduma da hukumar ruwa ta jiha, a kuma tabbatar a rubuce cewa akwai hanya halattacciya da ke kaiwa filin.