Yarjejeniyar Yawunde kan Tsaron Teku

Yarjejeniyar Yawunde wani ƙawance ne da ƙasashe 25 na yammaci da tsakiyar Afirka suka rattaba wa hannu a babban birnin Kamaru a watan Yunin 2013, domin sojojin ruwansu su haɗa kai wajen yaƙar 'yan fashin teku a Mashigin Tekun Gini. Ƙungiyar ECOWAS da takwararta ta tsakiyar Afirka, ECCAS, da Hukumar Mashigin Gini ne suka jagoranci ƙulla ta, bayan kiran da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi a 2011 da 2012.

Abin da ya tilasta ta shi ne iyaka. A da, ɗan fashi kan kama jirgin dakon mai a ruwan wata ƙasa ya tsallaka da shi ruwan maƙwabciya, masu binsa kuwa dole su ja birki, domin ba su da hurumin shiga. Ɓarawo ya san da haka sarai.

Shi ya sa aka kasa tekun shiyya-shiyya. Babbar cibiya tana Yawunde, na yankuna kuma a Abijan da birnin Pointe-Noire na Jamhuriyar Kongo. An sanya Najeriya da Benin da Togo a shiyyar E mai hedikwata a Kwatano, har da Nijar, wadda ba ta da gaɓar teku amma kayanta da yawa ta tashar Kwatano suka saba shigowa. A waɗannan cibiyoyi jami'ai kan kwana gaban allon kwamfuta suna bin sawun jirage. Da zarar wani ya kashe na'urar nuna inda yake, sai a sanar da maƙwabta.

An ga amfanin wannan a watan Mayun 2020, lokacin da aka yi awon gaba da jirgin kamun kifin ƙasar Sin mai suna Hailufeng 11 a ruwan Kwaddebuwa. Labari ya bi ƙasa-ƙasa har sojojin ruwan Najeriya suka tare shi, suka kuɓutar da ma'aikatansa, suka cafke mutum 10. Wata kotu a Legas ta ɗaure su a 2021 bisa dokar hana fashin teku ta 2019.

Sai dai da sauran rina a kaba. Yarjejeniyar ba ta da ƙarfin doka da zai tilasta wa ƙasa cika alkawari, wasu ƙasashen ba su da isassun jiragen sintiri, kuma har yanzu ana dogaro da tallafin Turai da atisayen sojojin ruwa na Obangame Express da Amurka ke shiryawa duk shekara.