Hatimin "sirri" ba ya hana ɗan jarida tambaya

A teburin mai shayi, da zarar rediyo ya ambaci DSS, hukumar tsaro ta farin kaya, sai ka ji wani ya rage murya: "Wannan maganar tsaro ce, ɗan jarida ba shi da hurumi." An daɗe ana faɗin haka, kuma tsoron yana da tushe. Tun 1962 akwai dokar kare sirrin gwamnati, ga shi mulkin soja ya koya wa mutane kame baki. A 1986 ne ma gwamnatin Babangida ta rushe tsohuwar hukumar tsaro ta NSO ta kafa SSS, wadda muke kira DSS, tare da hukumomin leƙen asiri na NIA da DIA.

Amma a 2011 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai. Ta ce buga wa takarda hatimin sirri, shi kaɗai, bai isa hujjar ɓoye ta ba. Dole hukuma ta amsa cikin kwana 7, in ta ƙi ta faɗi dalili a rubuce, mai nema kuma yana iya zuwa kotu.

Tabbas akwai abin da ya kamata a rufe. Sunan wanda ya tsegunta maɓoyar 'yan bindiga, fallasa shi kisa ne. To amma uwar da aka ɗauke ɗanta da tsakar dare, tana zarya daga ofis zuwa ofis da hotonsa a jaka, fa? Tambayar inda yake hakkinta ne, ɗan jarida kuma shi ne bakinta. In hukuma ta yi gum, jita-jitar WhatsApp ce ke ba ta amsa.