Ma'anar Tangaraho, da Abin da Ya Sa Muke Cewa "Buga Waya"

Wayar da ke aljihunka ba ta da igiya ko ɗaya, amma "waya" kake ce mata. In za ka kira wani, cewa kake yi za ka buga masa waya. Inda ake sayen kan sarki a aika wasiƙa, sunansa gidan waya, turakun da ke jere a bakin titi kuma falwaya. Duk waɗannan kalmomi daga tangaraho muka gaje su.

Yau mutane da dama, har da 'yan jarida, kan ce "wayar tangaraho" suna nufin wayar da ake magana da ita. A asali ba haka ba ne. Wadda ake jin murya a cikinta ita ce tarho, kuma sai a 1876 aka samo ta. Tangaraho ya girme ta da kusan shekara 40, kuma ba ya ɗaukar murya sam. Kalmar ta shigo mana ta bakin Turawa, su kuma sun ƙera ta daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "nesa" da "rubutu". Wato rubutu daga nesa.

Aikinsa ba shi da wuyar ganewa. Ana shimfiɗa wayar ƙarfe daga wani gari zuwa wani, a haɗa ta da batir. A wannan gefe akwai ɗan maɓalli da ma'aikaci ke dannawa, in ya danna wutar lantarki ta bi waya, in ya saki ta tsaya. A can gefe akwai maganaɗisun da wutar ke motsawa, sai ya ja wani ɗan ƙarfe ya yi ƙas. Gajeren bugu da dogon bugu, su ke nan haruffan. Kowane harafi da nasa jerin, kuma wanda aka fi yawan amfani da shi a Turanci, wato E, shi aka ba bugu ɗaya tak don a rage wahala. Ni dai a ganina daga wannan bugun maɓalli ne Bahaushe ya samo "buga waya", domin abin da idonsa ya ga ma'aikacin gidan waya yana yi ke nan.

Kafin lantarki an gwada wata dabara a Faransa. A 1794 Claude Chappe ya jera hasumiyoyi daga Paris zuwa Lille, tafiyar fiye da kilomita 200, kowace da wasu sanduna a kanta da ake lanƙwasawa. Mai gadin hasumiya ya hango ta baya da madubin hangen nesa, ya kwaikwaya, na gaba ya ɗauka. Amma in dare ya yi ko hazo ya sauko, magana ta tsaya.

Na lantarki ya fito kusan lokaci guda a wuri biyu. A Ingila William Cooke da Charles Wheatstone sun yi rajistar nasu a 1837, suka shimfiɗa shi a gefen layin dogo. A Amurka kuwa Samuel Morse ne, wanda sana'arsa ta asali zanen hoto ce. A 1825 yana Washington yana aikin wani zane, matarsa ta rasu a gida, kafin wasiƙa ta iske shi ya dawo har an yi jana'iza. Duk wanda ya taɓa samun labarin rasuwar nasa bayan an share makoki ya san abin da jinkirin saƙo yake nufi.

A 1843 majalisar dokokin Amurka ta ba Morse dala 30,000 ya gwada layi daga Washington zuwa Baltimore, wajen kilomita 60. Da farko binne wayar suka yi cikin bututun dalma, sai aka tarar wutar tana zurarewa. Kuɗi sun kusa ƙarewa, suka koma rataye ta a kan turakun katako, suna raba ta da itacen da gilashi. Dabarar da aka yi don dole ita ce ta zama falwayar da muke gani har gobe. Ranar 24 ga Mayu 1844 saƙon farko ya wuce, wata aya ce daga Baibul mai nuna mamakin aikin Ubangiji.

Abin da ya sa layi mai nisa ya yiwu shi ne wata ƙaramar na'ura ta miƙa saƙo. Wuta kan raunana in waya ta yi tsawo, don haka ake sa tashoshi a hanya, inda raunanniyar wutar za ta kunna sabon batir, shi kuma ya tura bugun gaba da ƙarfinsa. Da haka aka haɗa gabashin Amurka da yammacinta a Oktoban 1861. Kafin nan mahaya dawaki ne ke kai wasiƙa California cikin kwana goma, suna sauya doki a kowane zango. Kwana biyu da haɗa wayar, kamfanin dawakin ya sanar da rufewa.

Teku ne ya fi ba su wahala, kuma nan ne labarin ya fi burge ni. Ruwan gishiri yana shanye wuta, sai an naɗe wayar tagulla da abin da ruwa ba ya ratsawa. Maganin ya fito daga danƙon wata bishiya ta yankin Malesiya. An gwada tsakanin Ingila da Faransa a 1850, wayar ta mutu nan da nan, aka sake a 1851 ta zauna. Daga nan wani attajirin Amurka, Cyrus Field, ya ɗaura niyyar ratsa Tekun Atlantika, daga Ailan zuwa tsibirin Newfoundland da ke gabashin Kanada ta yau, fiye da kilomita 3,000. Waya ta tsinke musu a tsakiyar teku ba sau ɗaya ba. A Agustan 1858 suka haɗa, Sarauniya Victoria ta aika wa shugaban Amurka James Buchanan gaisuwa mai kalma 98, wadda ta ɗauki kimanin awa 16 kafin ta gama isa. Aka yi ta shagali. Bayan mako uku layin ya yi shiru, domin wayar dama ba ta da ƙwari, ga kuma injiniyan da ya riƙa tura mata wuta fiye da kima. Sai a 1866, da katafaren jirgin ruwan nan Great Eastern, aka shimfiɗa wadda ta ɗore. Saƙon da jirgi ke kaiwa cikin kwana goma ko fiye ya koma na mintoci.

Daga nan abin ya bazu. A 1870 an haɗa Landan da Kalkata ta Indiya, a 1872 aka ratsa hamadar Ostireliya daga Adelaide zuwa Darwin. Wayar ƙarƙashin teku ta iso Legas a 1886, daga baya aka ja layi zuwa Jebba da Lokoja da Zungeru. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, ba don talaka ya gaisa da danginsa aka kawo ta ba. Kayan mulki ne da na soja, da ita Turawan mulkin mallaka ke karɓar umarni daga Landan su kuma juya dakarunsu. Sai daga baya fatake da sauran jama'a suka shiga layi a gidan waya. Da yake kowace kalma kuɗi ce, saƙon kan zo a dunƙule, "Baba ba lafiya zo maza", shi ya sa gaban mutane kan faɗi in an ce an bugo musu waya.

Tangaraho kansa ya kwanta dama. Kamfanin Western Union na Amurka ya daina karɓar saƙonsa a 2006, Indiya ta rufe nata a 2013. Hanyoyin da ya buɗe dai suna nan. Intanet ɗin da kake karanta wannan rubutu da shi, mafi yawansa ta igiyoyin da ke kwance a ƙasan teku yake ƙetarowa, sai dai yanzu haske ne ke gudu cikin zaren gilashi maimakon wuta cikin tagulla. Da wasu daga cikinsu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma a Maris ɗin 2024, mutane a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu sun kwana suna duba wayoyinsu, saƙo ya ƙi tafiya.