Zagaya gaɓar tsibirin Kirit da mota: tambayoyi da amsoshi

Wane irin tsibiri ne Kirit?

Shi ne mafi girma a tsibiran ƙasar Girka. Dogo ne siriri a tekun Bahar Rum, kimanin kilomita 260 daga gabas zuwa yamma. Manyan garuruwansa, Haniya da Retimno da Iraklion, duk suna gaɓar arewa, kuma babban titi ɗaya ya haɗa su. Gaɓar kudu kuwa tana kallon Afirka, shi ya sa ake kiran ruwanta Tekun Libiya.

Kwana nawa za su isa?

Mako guda, in ɓangaren yamma kaɗai za a bi. Kada taswira ta ruɗe ka. Tsaunuka sun tokare tsakiyar tsibirin, mafi tsawonsu Siloritis ya kai mita 2,456, don haka duk mai son gangarawa kudu sai ya hau ya sauka ta hanyoyi masu kwana-kwana. Daga Haniya zuwa bakin tekun Elafonisi da ke kudu maso yamma kilomita 75 ne ko kusa da haka, amma tafiyar na iya cin kusan awa biyu. Babu titi ɗaya da ya bi gaɓar kudu tun daga farko har ƙarshe. Ƙauyen Lutro ma mota ba ta isa can, sai dai a ajiye ta a garin Sfakiya a hau jirgin ruwa, ko a taka da ƙafa. A ganina wannan wahalar ce ta bar wa kudu natsuwarta, kuma can ya kamata matafiyi ya fi daɗewa.

Wane bakin teku ne bai kamata a wuce shi ba?

Elafonisi, inda yashin ke da wani ja-ja mai haske saboda ɓarɓashin ɓawon ƙananan halittun ruwa. Ɗibar yashin haramun ne, kuma doka ce da ta dace. Sai Balos, wanda hanyarsa ta burji ce. A tambayi masu hayar mota tukuna, domin inshora ba ta cika ɗaukar ɓarnar irin wannan hanya ba. A can ƙarshen gabas akwai bakin tekun Bayi (Vai), inda kurmin itatuwa 'yan uwan dabino ya gangaro har bakin ruwa.

Yaya tuƙin yake?

Hannun dama ake bi. Mutanen tsibirin sun saba mai tafiya a hankali ya raɓe gefen titi ya ba na baya hanya. A kan tsauni kuma a kula da awaki, sukan kwanta tsakiyar kwalta abinsu.

Yaushe ya fi?

Mayu da Yuni, ko Satumba. A Yuli da Agusta jama'a kan yi yawa, ga iskar arewa da suke kira meltemi tana tayar da igiyar ruwa.

Musulmi fa, me zai kiyaye?

Gasasshen naman da ake sayarwa a kan hanya galibi na alade ne, don haka a tambaya. Kifi da wake da cuku da man zaitun sun wadata. Bayan cin abinci sukan kawo kyautar wani farin ruwa a ɗan kofi, raki, wanda giya ce. A yi godiya a bar shi. A tashar jiragen ruwan Haniya akwai tsohon masallaci mai ƙubba, na zamanin Daular Usmaniyya da ta kama garin a 1645. Musulmin tsibirin sun tashi bayan yarjejeniyar musayar jama'a ta 1923 tsakanin Girka da Turkiyya, yanzu kuma baje kolin zane-zane ake yi a cikin masallacin.