Gyaran rubutu bisa yanayi

Gyaran rubutu bisa yanayi salo ne na aiki da kwamfuta inda aikin kowane maɓalli yake sauyawa gwargwadon yanayin da manhaja take ciki. A yanayin shigarwa, in aka danna d, harafin d ne zai fito. A yanayin umarni kuwa, d ɗin nan gogewa take nufi. Maɓallin Esc ne yake komar da mutum yanayin umarni.

Salon ya yi suna ne ta hanyar vi, wata manhajar gyaran rubutu wadda Bill Joy ya rubuta a 1976 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Na'urar ADM-3A da yake aiki da ita ba ta da maɓallan kibiya masu zaman kansu, a kan h, j, k da l aka zana kibiyoyin. Shi ya sa har yau su ne hagu, ƙasa, sama da dama. Bram Moolenaar ya fitar da Vim, wata manhaja da ta kwaikwayi vi ta inganta ta, a 1991, daga jikinta kuma Neovim ta ɓalle a 2014.

Hujjar masu salon ita ce gyara ya fi cin lokacin mai rubuta manhaja a kan ƙirƙirar sabon rubutu, don haka gyaran ne ya cancanci maɓallan da suka fi kusa da yatsu. Hannu ba ya tashi neman linzamin kwamfuta. Amma babban alfanun yana ga yadda umarnan suke haɗuwa kamar aikatau da karɓau. Tunda w kalma ce, dw ta goge kalma ɗaya, d3w ta goge uku. Wanda ya koyi c, wato sauyawa, ba sai an koya masa cw ba. Danna ɗigo kuma maimaita gyaran baya yake yi, ko sau nawa ake so.

Farkon koyo dai akwai wuya. Sabon shiga yakan manta yanayin da yake ciki, ya hau buga jimla alhali yana yanayin umarni, sai ya ga layuka suna ɓacewa (u ce take dawo da su). Irin wannan ruɗani ne ya sa Larry Tesler, wanda ya yi aiki a cibiyar bincike ta Xerox PARC da kamfanin Apple, ya yi ta yaƙi da yanayi a manhajoji. Sababbin manhajoji irin su Kakoune da Helix sun riƙe salon amma sun juya tsarin: a fara zaɓar rubutu, a gan shi da ido, sannan a ba da umarni.